Goron Kalilu Ɗan Fari

Duk macen da ke da keken ɗinki tsakanin Daura da Dutsi ta san yayana Kalilu, ko da ba ta riƙe sunansa ba. Mai gyaran keke suke ce masa. Dogo ne siriri, ba ya son magana, kullum da tsohuwar jaka ɗaure a bayan babur, cikinta sukudireba da allurai da 'yar kwalbar mai. Zai zauna a zauren gida a fito masa da kan keke, ya kara kunne ya juya shi sau biyu, ya ce, "Zare ne ya naɗe a ƙasa," kuma in aka buɗe haka ɗin ne. Shekararsa talatin da tara, bai taɓa aure ba.

A garin nan kuwa in namiji ya kai haka ba mata, kowa sai ya zama likitansa. Wani ya ce aljana ce ta aure shi, wani ya ce tsabar rowa ce. Wata har ta tare ni a gidan suna, bakinta cike da shinkafa, wai ko yayan nan nawa lafiyarsa ƙalau. Na ce mata ta je ta fara duba lafiyar mijinta tukuna. Tun daga ranar in ta hango ni sai ta sake hanya, ni kuma ko a jikina.

Ni ce Zulfa, ni nake bi masa, shekara biyu ce tsakaninmu. Na san abin da ya hana shi aure sarai, domin da hannuna a ciki. Mace ɗaya ya taɓa so, yana ɗan shekara goma sha takwas, kuma abin da ya raba su bai wuce ƙullin goro da tafiyar minti goma ba.

Yaya Kalilu ɗan fari ne, mu kuwa gidanmu gidan kunya ne. Kakanninmu makiyaya ne. Shanun sun ƙare, Fulatancin ya gudu daga bakinmu, Baba ya koma dillancin dabbobi a kasuwar Mai'aduwa, amma kunyar tana nan daram. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunan Yaya ba. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan". In ta zuba masa tuwo ba ta miƙa masa, sai ta dire kwanon a bakin rumfa ta ce da iska, "Ga abinci nan." In zazzaɓi ya kwantar da shi, za ta wuni tana zirga-zirga a tsakar gida tana yi wa kaji faɗa, amma ba za ta leƙa ɗakin ba. Baba ma gaisuwa ce kawai ke haɗa su, ita ma kowa na kallon wani wuri.

Da can abin bai dame shi ba, don yana da baki a gidan. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga kakarmu Iya Zinariya, mahaifiyar Baba, a ɗakinta ya tashi. "Angona" take kiransa. Takalmi ne, littafi ne, ciwon haƙori ne, ita zai faɗa wa, ita kuma ta fito tsakar gida ta ɗaga murya har sai an yi. Yana shekara goma sha bakwai Iya ta rasu. Daga nan Yaya ya koma kamar baƙo a gidan ubansa: ya ci, ya gode, ya shige ɗaki. Ni a lokacin ban ma lura ba, ta kaina nake yi.

Adawiyya ƙawata ce, ajinmu ɗaya a sakandaren jeka-ka-dawo. 'Yar Malam Sabiru ce, mai Islamiyya a unguwar da ke bayan tamu. Gajera, mai wushirya, bakinta ba ya hutawa. Yaya a lokacin yana koyon aiki a shagon wani tela da ke kan hanyarmu ta makaranta. Wata rana ƙusar benci ta yage mata hijabi, na ce mu biya wurin yayana ya kama mata. Ya karɓa bai ɗago ba, ya ɗinke, ya miƙa mata. Ta juya hijabin ta duba, ta ce, "Ashe dai bebe ya iya ɗinki." Na zaci zai yi shiru kamar kullum. Sai na ji ya ce, "Ashe dai mai surutu ta san aiki mai kyau." Ni kaina sai da na waiwaya na kalle shi.

Daga nan hijabin nan ya shiga uku. Cikin zango guda sau biyar ana kai shi shago. Da idona na kama ta a bayan aji tana warware ɗinkin gefensa da haƙori. Shi kuma da an kusa tashinmu sai ya bar abin da yake yi ya dawo bakin ƙofa, wai haske yake nema zai zura zare. Ba wani dogon zance suke yi ba. Ta ajiye, ya karɓa, ta tsaya tana zuba, shi yana murmushi yana kallon allura. In ta zo karɓa, akwai takarda a naɗe cikin hijabin.

Ɗaya daga cikin takardun nan ce ta faɗo hannuna ranar da nake wanki, a aljihun rigarsa, bai kai ga bayarwa ba. Ga abin da ya rubuta, har yau ban manta ba: "Jiya ba ki wuce ba. Na ɗinka wa mutum aljihu a bai-bai, maigida ya yi min faɗa. Ki riƙa wucewa ko ba ki da ɗinki. Ba sai kin tsaya ba."

Yau in na tuna kalmomin nan sai zuciyata ta karye. Ina da 'ya mai shekarun Adawiyya na wancan lokacin, in na kama ta tana yi wa waya murmushi faɗa nake yi mata, amma ban taɓa yi mata dariya ba. A ranar kuwa dariya na yi har da riƙe ciki. Na fito tsakar gida da kumfa a hannuna, ga Baffa Hamma ƙanen Baba yana shan fura, ga matarsa da wata maƙwabciya suna daka. Na karanta musu da ƙarfi, har da kwaikwayon muryarsa. Matan suka saki taɓare suna ƙyaƙyatawa, Baffa ya ƙware da fura yana tari yana dariya. Inna ta yi kamar ba ta ji ba, ta shige madafa. Kafin Yaya ya dawo daga shago, "ba sai kin tsaya ba" ta zagaye unguwa. Ya cire rigarsa daga igiya ko bushewa ba ta yi ba, ya wuce ɗaki.

Maganar ta kai kunnen Malam Sabiru. Mutumin kirki ne, bai daki 'yarsa ba, bai zagi kowa ba. Ya aika aka kira Yaya bayan la'asar, ya zaunar da shi a zaure.

"Ban hana ka ba," in ji Malam. "Amma 'yata ba a tsayawa da ita a bakin titi. Ka turo manyanka su gaishe ni, in san da zamanka. Ba aure na ce ba, dukanku yara ne. Ita ta gama karatunta, kai ka kama sana'arka. Ɗan goro da alewa ya wadatar. In sun zo, ga zaure nan, ka riƙa zuwa da rana kowa na gani. Kafin nan kuwa, ba ita ba shagonku."

Shi ke nan abin da aka nema. Dattijo ɗaya ya sa babbar riga, ya taka zuwa bayan unguwa, ya ce ɗanmu ya ga 'yarku. Da Iya na da rai, kafin magariba an gama.

Yaro ba ya tunkarar ubansa da irin wannan magana, balle ɗan fari. Hanyar ita ce Baffa. Yaya ya same shi a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya tsuguna, ya yi ta kame-kame har ya fito da ita. Amma ni na riga na ɓata masa hanya. Baffa na jin inda ya dosa ya fara dariya.

"Kai ne ba-sai-kin-tsaya-ba? Ɗana, wannan ba so ba ne, zafin ƙuruciya ne. Ni ina kamarka 'yan mata uku na ƙi cin tuwo a kansu, yau ko sunan ɗaya ka tambaye ni sai na yi tunani."

"Baffa, gaisuwa ce kawai ya ce."

"In kwashi girmana in kai gaban malami, gobe ka hango wata mai jan mayafi, in sa fuskata ina? Bari damina ta wuce. In ka kai kaka kana kan bakanka, ka dawo."

Damina ta wuce, aka yanke gero aka kai rumbu, Yaya ya koma. Baffa ya dube shi da mamaki ya ce, "Au, har yanzu? To, je ka ji ta bakin mahaifiyarka tukuna. In cikin gida sun yarda, ni mene ne nawa?" Ban sani ba ko da gaske yake, ko kuwa gani ya yi Yaya ba zai iya ba, ya jefa shi can don ya huta da shi.

Ya iya kuwa. Ina tsakar gida ranar, da hantsi, ina tsince wake. Inna na zaune a bakin ɗakinta tana dama fura. Yaya ya shigo, ya yi tsaye, ya koma zaure, ya sake dawowa. Can ya tsuguna nesa da ita, ya ba ta gefe, fuskarsa na kallon bango. Ya ce:

"Gidan Malam Sabiru sun ce a tura manya. Baffa ya ce sai an ji ta bakinki."

A iya sanina wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mata. Ludayin ya tsaya a hannun Inna. Ba ta dube shi ba. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta miƙe, ta shige ɗaki ta saki labule. Ya jira. Ƙudaje suka taru a kan furar. Ya jira har ƙafarsa ta sage, sannan ya tashi ya fita. A wurinsa an ba shi amsa ke nan, kuma bai sake tayar da maganar ba.

Ita kuwa Adawiyya jira take yi. Ta daina bi ta gaban shagon kamar yadda babanta ya ce, sai dai mu zagaya ta bayan masallaci. Wata rana a hanya ta ce min, "Zulfa, wai yaushe Baffanku zai zo?" Na ce, "Ke ma kin ɗauki shirmen nan da gaske? Nan da baɗi kin manta da shi." Ta tsaya ta kalle ni, ta yi gaba abinta. Zango guda ba ta yi min magana ba.

Muka gama makaranta. Manema suka fara sallama, don yarinya ce mai farin jini. Ta kori na farko, ta kori na biyu, Malam bai matsa mata ba. A shekara ta uku ta zo har gidanmu wai gaishe ni, da zan raka ta sai ta riƙe hannuna a zaure ta ce, "Ki ce masa ko tsoho ɗaya ne a unguwarku ya turo. Na gaji da ba Malam haƙuri." Wannan karon na kai saƙon. Yaya yana goge wani kan keke, bai ɗago ba, ya ce, "Inna ba ta so." Na ce, "Ita ta faɗa maka?" Ya ce, "Ai kina wurin. Tashi ta yi ta bar ni." Shi kuma ba zai tura bare ya nemo masa abin da uwarsa ta juya wa baya ba.

Da na shiga ɗaki na tambayi Inna a ranar, da an wuce wurin. Ban tambaya ba. Budurwa ba ta zama da uwarta ta yi zancen auren yayanta, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, wanda shi ne gaskiyar, a lokacin nawa saurayin ya fito, kaina ya ɗau zafi, kuma har zuciyata gani nake na Yaya wasan yara ne da zai wuce da kansa. Nawa da na ɗauka na manya ne, shekara huɗu auren ya yi ya mutu, sai a na biyu na samu zama.

Adawiyya ta auri wani malamin firamare mutumin Baure. Ba wanda ya tilasta ta, ita ta ce wa babanta ta amince. Saura kwana uku ɗaurin aure Yaya ya ɗaure jakarsa ya tafi Kongolam. Shekara shida ya yi a can, yana kwana a shagon wani, yana gyara wa telolin bakin iyaka kekuna, na wannan tsallaken da na wancan. A can hannunsa ya faɗa sosai. Sai da Baba ya rasu ya dawo, ya buɗe tsohon ɗakin Iya ya share ya shiga.

Rayuwarsa tun daga nan hanya ɗaya ce. Ya yi asuba, ya sha koko a tsaye, ya hau babur. Yau Dutsi, gobe Sandamu, jibi Zango ko Mai'aduwa. Baure ce kawai ba ya zuwa, ko sau goma aka yi masa waya sai ya haɗa su da wani. La'asar ta yi masa a gida, ya zauna a ƙofar ɗaki da rediyo a gefe yana wanke ƙarafa da kananzir. Abokansa duk sun zama iyaye, hirarsu ta koma ta yara da surukai, sai ya janye jikinsa a hankali. Shi ke ɗinka wa 'ya'yana kayan sallah, amma ranar in gida ya cika da hayaniya za ka neme shi ka rasa. Na sha leƙawa in same shi shi kaɗai da kwano a gaba, ya ci rabi ya manta da sauran. Abin yana ci min rai ƙwarai.

An yi masa tayin mata ba adadi. Sau ɗaya ya biye mana ya je ganin wata 'yar uwar mijina, yarinya mai hankali, ya dawo ya ce, "Ba zan cuci 'yar mutane ba." Ranar na sauke masa kwandon masifa. Na ce, "Wai me ka sani game da Adawiyyar nan? Hijabi da takarda. Ko awa guda ba ku taɓa yi a zaune ba. Yarinta ce, Yaya, kowa ya yi ya wuce, kai kaɗai ka tsaya kana gadinta." Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Wataƙila haka ne." Yadda ya faɗe ta ɗin nan, da ma zagina ya yi. Na gane ya fara yarda da mu cewa ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan abin da ba komai ba ne, kuma duk da haka ya kasa sakinsa.

Bara mijin Adawiyya ya rasu bayan 'yar jinya. Da ta fita takaba ta dawo Daura gidan Malam da 'ya'yanta huɗu. Ni na kai wa Inna labarin, muna zaune muna gyaran zogale. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, da lalube take aikin. Sai ta ce, "Yarinyar nan mai wushirya? Na so ta da yaron nan."

Na saki zogalen. "Kin so ta? Inna, ba ke kika tashi kika bar shi a tsugune ba?"

"To me zan yi? Ɗan fari ya tsuguna a gabana yana zancen mace. Kunya ce ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Na shiga ɗaki na cusa bakin zani a bakina, dariya nake yi hawaye na zuba, wai yaron nan ya girma. Na yi ta sauraron Hamma ya zo wurin babanku. Da na ji shiru na ce ko yaran sun ɓata ne."

"Ba ki faɗa wa Baba ba?"

"In ce masa me? A ji a gari ina nema wa ɗan fari mata? Uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba."

Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar, Allah ya yafe min. Na ce, "Shekara ashirin yana zaton ƙi kika yi. Shekara ashirin, Inna, yana cin tuwo shi kaɗai saboda kin saki labule." Ina faɗa ina kuka, don na san rabin faɗan da kaina nake yi. Inna ta ci gaba da lalubar zogalen a cikin faranti.

Da la'asar muka ji ƙarar babur. Yaya ya turo shi cikin gida, ya gaishe da tsakar gida kamar yadda ya saba, ya nufi ɗakinsa. Sai Inna ta ce:

"Kalilu."

Sunan ya fito mata a karkace, don harshenta bai saba da shi ba. Yaya ya tsaya riƙe da kan babur, ya waiwaya yana neman wanda ya kira shi.

"Ka je ka ce Hamma ya zo. Gobe za a kai goro gidan Malam Sabiru. Tun wancan karon ban ƙi ba."

Ya jingine babur ɗin a bango a hankali. Ya ce, "To, Inna." Ya shiga ɗaki, ya daɗe bai fito ba.

Baffa Hamma yanzu da sanda yake tafiya, kuma wannan karon bai yi dariya ba. Ya sa babbar rigarsa, ya ɗauki goro da alewa, ya taka zuwa bayan unguwa. Malam Sabiru ya karɓe shi da mutunci, ya ce Adawiyya yanzu babba ce, maganarta a bakinta take, Kalilu ya zo su gana.

Ranar Juma'a bayan la'asar Yaya ya je zancen farko a rayuwarsa, yana da shekara talatin da takwas. Ya ɗinka sabuwar shadda ruwan toka, ya yi aski. Ni na riga shi zuwa wai na je gaishe da ƙawata, kuma ba zan ɓoye halina ba: tana fita zaure na ja kujera na zauna a bayan ƙofa.

Adawiyya ta yi jiki, ta sa tabarau, wushiryar ce kawai ba ta sauya ba. Suka gaisa, ya yi mata ta'aziyya, ta tambayi Inna. Ina jin yaranta na wasa a cikin gida.

"Manyana sun zo," in ji Yaya.

"Na gani," ta ce, da 'yar dariya. "Sun ɗan makara."

Ya ba ta labarin furar da labulen, a gajarce, yadda ya saba magana. Ta ce, "Allah sarki, Inna." Sannan ya ce shi dai yana nan yadda ta bar shi, bai sauya ba.

"Na sani, Yaya Kalilu. Shi ne abin da yake ta damuna tun da Baffa ya zo. Kai wata yarinya ka sani mai yage hijabi. Ni kuwa na haifi biyar, na binne ɗaya. Na yi shekara goma sha shida da mutumin kirki, kuma na so shi. Har yau in na sauke tukunya sai na ɗauko kwanonsa kafin in tuna. In na shiga gidanka kullum za ka riƙa neman yarinyar nan a fuskata, ni kuma ba ni da ƙarfin da zan koma ita. Ka yi haƙuri. Ba zan iya ba."

Na ji kamar in banko ƙofar. Yaya bai roƙe ta ba, bai ce ta sake tunani ba. Can ya ce:

"To, tambaya ɗaya. Wancan lokacin, yarinta ce? Kowa ya ce min yarinta ce."

"Wa ya ce?" Muryarta ta yi kaifi. "Shekara uku, duk sallamar da aka yi a ƙofar nan sai gabana ya faɗi, in leƙa ko manyanka ne. Ranar da na ce wa Malam na amince da baban yaran nan, kwana biyu ban sa komai a bakina ba. Yara ne mu, wannan gaskiya ne. Amma wallahi so ne. Nawa dai na yi ta kukansa har ya ƙare, kai kuma ba ka samu wanda za ka yi kukan naka a gabansa ba."

Tare muka taho gida da ƙafa, shi a gaba ni a baya. Ina ta huci, ina zagin Baffa, ina zagin kaina, har Adawiyya ban bari ba, na ce ai ko don shekarun nan ta duba. Sai da muka kusa kwanar gidanmu ya tsaya ya jira ni.

"Kin ji abin da ta ce?"

"Na ji. Ta ƙi ka."

"Ba wannan ba. Ɗayan." Idonsa ya cika, amma fuskarsa a sake take, na manta rabon da in gan ta haka. "Ta ce so ne, Zulfa. Ashe ba ni kaɗai na yi ba."

Muka shiga gida. Inna na zaune a bakin ƙofarta tana jira, ya durƙusa ya ce mata Allah bai yi ba, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ya shiga ɗaki ya cire shaddar ya ninke, ya fito da tsohuwar rigarsa, ya jawo wani kan keke da aka kawo masa gyara ya fara kwancewa. Ni kuma tun daga ranar ban sake ce masa ya yi aure ba.